Ɗauko iyali: ka nemi wanda zai iya ce maka ba zai yiwu ba

Duk wanda yake zaune a Jidda cikin Hausawa ya san tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 hirar mutane ta canza. Da in an idar da isha'i an zauna shan shayi zancen bai wuce na aiki da kafili da nawa riyal ya kai a canji ba, yanzu kuwa ba zaka yi minti goma a zaune ba sai wani ya sako maganar yadda zai fito da tsohuwarsa, ko matarsa da yara, ko ƙanwarsa da miji ya rasu ya barta da marayu. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan su abin ya fi ci a rai, mutanen Maiurno da Sinja da Madani da Gadarif, jikokin waɗanda suka taka hanyar hajji da ƙafa suka yada zango a can da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen da suka haura shekara ɗari a ƙasar sai gashi dare ɗaya kowa ya kama gabansa. Amma mu ma 'yan Najeriya da Nijar duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu, babu wanda bashi da wani a gida da yake kwana yake tashi da tunaninsa.

Ni aikin akanta nake a wani kamfani, Larabci da Turanci duk ina taɓawa, shi yasa kusan duk wanda aka turo wa wata takarda a unguwarmu sai ya kawo min in karanta masa. Ta nan ne na dinga ganin abin da ya hana ni yin shiru. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi riyal riyal, wani bashi ya ci, wani matarsa ce ta sayar da ɗan gwal ɗinta na aure ta turo masa, kuma yawanci kuɗin nan ba hannun wanda ya san doka suke faɗawa ba, hannun wanda ya iya baki suke faɗawa.

Mutum uku ne suke karɓar kuɗi a harkar nan mu kuma mun cakuɗa su mun mayar da su abu ɗaya. Akwai mu'aggib, shi aikinsa bin takarda ne, ya san tagar da ake zuwa a jawazat, wato ofishin fasfo da shige da fice, ya san yadda ake kama mau'idi, wato ranar ganawa, a Absher, manhajar gwamnati ta harkar takardu, ya san fom ɗin da ake cikewa da inda ake buga hatimi, in ka dace da na kirki mai ofis a fili wallahi yana rage maka wahala ba kaɗan ba, amma fa ba shi zai gaya maka ko doka ta baka dama ba, abin da ka bashi ya kai shi zai kai. Akwai lauya, muhami kenan, wanda ya karanci doka kuma ma'aikatar shari'a ta bashi lasisi, shi ne zai duba takardunka ya ce maka wannan ƙofar a buɗe take waccan kuwa kar ka ɓata kuɗinka. Sai na ukun, ba ofis ba lasisi, jarinsa lambar WhatsApp da daɗin baki da "ina da mutum a ciki", kuma abin da ya fi ƙona min rai yawanci namu ne, yarenmu ɗaya, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, shi yasa ma ake saurin sakin jiki da shi. Alamarsa ɗaya ce kuma ban taɓa ganin ta saɓa ba, baya cewa a'a. Ka ce masa kakarka ce zai ce an gama, ka ce ɗan yayanka ne zai ce ai wannan mai sauƙi ne, ka ce igamarka, katin izinin zamanka a ƙasar, ma ta mutu zai ce kar ka damu kawo rabin kuɗin mu fara.

Maƙwabcina da muke bene ɗaya Bahaushen Sudan ne, ya girme ni, gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a ƙarƙashin wani kamfani. Iyalinsa a Madani suke lokacin da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga garin a watan Disambar 2023, da kayan jikinsu kawai suka fito zuwa Gadarif daga nan suka ƙarasa Bur Sudan suka rakuɓe a gidan wasu dangi, mahaifiyarsa mai ciwon suga, matarsa, yara uku, sai ɗan yayansa marigayi wanda tun yana rarrafe a hannunsa yake, Baba yake ce masa, bai san wani uba ba bayan shi. Wani mutum ya ce zai yi masa istigdam, wato bizar ɗauko iyali su zauna, na su duka shida a zo a buga musu igama, shi yaron kuma a yi masa sabuwar takardar haihuwa a saka shi cikin 'ya'yansa, wai wa zai sani tunda sunan kakansu ɗaya. Maƙwabcin nawa ya kawo min saƙon muryar mutumin muka saurara tare a wayarsa, yana kallona yana jiran in ce masa Alhamdulillahi. Na ce Yaya don girman Allah kar ka tura ko riyal ɗaya sai mun je an duba mana, kuɗin zama da lauya na awa guda ko kusa da abin da mutumin nan yake nema ba zai kai ba.

A ofishin da muka je wanda ya zauna da mu wani dattijo ne ɗan Sudan mai bada shawarar shari'a a ƙarƙashin lauya ɗan ƙasa. Bai ce komai ba sai da ya jera takardun a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, igama, kwafin fasfo shida, takardar auren da ta sha ninki har ta fara rabuwa a tsakiya aka liƙe ta da salatif. Inda ya fara ɗora yatsa shi ne ɗan layin nan na igama da ake rubuta sana'ar mutum, mihna. Ya ce duk maganar istigdam daga nan take tashi, wanda aka rubuta masa lebura ko direban gida ko mai aikin gida ba a buɗe masa wannan hanyar ba, masu sana'ar ƙwarewa ake ba, kuma sai da shaidar karatu ko ta sana'a da aka yi wa tasdig, wato hukuma ta tantance ta, da takardar albashi daga kamfani mai hatimin gurfa tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, da takardar aure da ta haihuwar yara duk an tantance su a ma'aikatar harkokin wajen ƙasarku sannan ofishin jakadancin Saudiyya ya buga nasa. Ya ce kuma wannan bizar ta mata ce da 'ya'ya, namijin da bai kai 18 ba da macen da bata yi aure ba. Uwa hanyarta ta ziyara ce. Da aka zo kan yaron ya cire tabarau ya ajiye ya ce ɗan uwana na san ɗanka ne a wajen Allah da wajen mutane, amma in ka rubuta shi ɗan cikinka a takarda tazwir ka yi, wato jabun takarda, laifi ne na ɗauri, kuma ranar da aka gano ba wanda ya buga takardar za a nema ba kai za a kama, a ɗauki hoton yatsunka a tasa ƙeyarka, su waɗanda kake da hakkin kawowa ma ka rasa su ka rasa aikin da kake ciyar da su da shi.

Na ga idon mutumin nan ya ciko, babba da shi. Ya ce to in kwashe nawa in bar maraya a gidan mutane, me zan gaya wa yayana gobe ƙiyama? Dattijon bai yi masa alkawarin komai ba. Ya ce a je kotun shari'a a can Sudan a fitar da takardar riƙon maraya ta gaskiya da sunan mahaifin yaron na gaskiya da shaidar rasuwarsa, a yi mata tasdig, shi kuma zai rubuta masa ma'arud, wato takardar roƙo, zuwa ga hukuma a nemi a duba halin da ake ciki, ana iya amsawa ana iya ƙi, amma ko an ƙi ba abin da zai taɓa igamarsa. A ganina wannan maganar ita ce abin da ake biyan lauya dominsa. Ba daɗin ji gare ta ba, mun fito ko magana bama yi a mota, amma ya san a ina yake tsaye, kuma kuɗinsa na aljihunsa.

Sai maganar da dillali baya taɓa ɗagowa, wato bayan sun iso fa? Tun watan Yulin 2017 aka saka kuɗin da ake biya a kan duk wanda yake zaune a ƙarƙashin igamarka, an fara da riyal 100 a wata kan mutum ɗaya, ya koma 200 a 2018, ya koma 300 a 2019, daga Yulin 2020 ya kai 400. Lissafa mata ɗaya da yara uku, riyal 1,600 kenan duk wata, 19,200 a shekara, kuma ba a sabunta igama sai an biya. Baka saka inshorar lafiya ba, baka saka makarantar yara ba, baka saka hayar gida ba don ɗakin gwauraye da kuke kwana ku huɗu ba a kawo mace cikinsa. Na san mutanen da suka kawo iyali da murna aka yi walima, shekara biyu bata cika ba suka mayar da su gida suna kuka don rusum, wato kuɗin nan na wata wata, ya taru musu. Ba cewa nake kar a kawo ba, Allah ya sani zaman mutum shi kaɗai shekara da shekaru yaransa suna girma a waya ba rayuwa bace, cewa nake a ɗauki biro da takarda tukunna.

Bizar ziyara ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ta shafin ma'aikatar harkokin waje ake cikewa, na iyaye ne da mata da 'ya'ya, kuma mutum da kansa zai iya yi in yana da wanda zai karanta masa, bata buƙatar wani mai mutum a ciki. Amma ziyara ziyara ce. Ba a aiki da ita, ba a hajji da ita, in lokacin hajji ya gabato ma ana hana masu ita zama a Makka, kuma in ta ƙare ba a sabunta ba ko ba a fita ba laifin a kanka yake kai da ka gayyato, tara ce mai nauyi har ta kai ga ɗauri da tarhil, wato kora daga ƙasar. Mu dai mun san ƙarshen wannan hanyar don a gabanmu take, ga 'yan uwanmu nan a unguwannin Karantina da Sabil da can Makka wajen Shara Mansur, an shigo da umra ko ziyara aka zauna, aka yi aure aka hayayyafa, yaro ya kai shekara ashirin bashi da takardar ko'ina, Saudiyya bata bada ɗan ƙasa don an haife ka a ƙasarta, gida kuma ba a taɓa rubuta shi ba, in ya ji motar 'yan sanda gabansa ya faɗi, in aka kama shi sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, sai jirgi zuwa garin da bai taɓa gani ba. Duk wanda zai ce maka ka kawo su kawai daga baya a gyara, ka tambaye shi waɗancan yaushe aka gyara nasu.

To wannan na nan kenan. Ɗaya ɓangaren da ake yawan kawo min shi ne na waɗanda suke da ɗa ko ƙani a Amurka, kuma a nan ne ma aka fi cutar mutane don dokar tana nesa kuma da Turanci take. Akwai wata Hajiya a layinmu, ƙawar mahaifiyata ce, tun ina yaro take Jidda, ɗanta na biyu yana aikin jinya a Amurka har ya zama ɗan ƙasa, yana so ya ɗauke ta. Wani a nan ya ce musu shi wakilin wani ofis ne, zai haɗa Hajiya da autarta da yarinyar da take riƙo da ƙanin Hajiyar duk a fayil ɗaya su tafi cikin wata shida. Allah ya taimaka ɗan nata ya ƙi, ya nemi lauyar shige da fice a can, aka haɗa mu a kiran bidiyo ina fassara wa Hajiya, ita tana kan darduma da carbi a hannu wayar a jingine da fulas ɗin shayi.

Abin da lauyar ta shimfiɗa mana kowa ya kamata ya sani. Ba a nan ake fara komai ba, wanda yake can shi yake shigar da fom ɗin da ake kira I-130 a hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, kuɗinsa tun Afrilun 2024 dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet, kuma kowane mutum da nasa fom ɗin in iyaye ne. Ɗan ƙasa zai iya nema wa matarsa da 'ya'yansa, in ya kai shekara 21 zai iya nema wa iyayensa da 'yan uwansa na jini. Mai katin zama, girin kad, mata da 'ya'yan da basu yi aure ba kawai zai iya nema wa, ba iyaye ba 'yan uwa, kuma in ɗan ya yi aure kafin uban ya zama ɗan ƙasa fayil ɗin ya mutu. Kawu, goggo, kaka, ɗan wa, ɗan ƙani, duk babu su a jerin ko kaɗan. Uwa da uba da mata da ƙananan yaran ɗan ƙasa basu da iyakar adadi a shekara shi yasa nasu ya fi sauri, amma ɗan uwa na jini biza 65,000 ce kacal a shekara ta duk duniya, layin ya haura shekara 15, duk wata ma'aikatar harkokin wajensu tana fitar da jadawalin inda layin ya kai kowa zai iya dubawa kyauta. Kuma uwa in ta samu ita kaɗai ta samu, autarta bata bin ta a wannan fayil ɗin, ita sai dai ta shiga wancan dogon layin a matsayin ƙanwar ɗan ƙasa, ko uwar in ta isa can ta nema mata da kanta. Yarinyar riƙo kuwa, irin riƙonmu na a ɗauko 'yar ƙanwa a raina ta har a aurar, dokarsu bata san shi ba, su sai wanda kotu ta mayar ɗanka kafin ya kai shekara 16 kuma ya zauna a hannunka shekara biyu. Mai mata biyu ma ya sani ta farko kawai suke lissafawa a matsayin mata. Hajiya ta ce min ɗan nan sake tambayarta, yarinyar da tun tana wata bakwai nake goyonta? Na sake tambaya, amsar bata canza ba.

Irin wannan ramin shi dillali yake shiga ya zauna. Zumuncinmu ya fi dokarsu faɗi, mu bamu san a ware ɗan riƙo daga ɗan ciki ba kuma ni ina alfahari da hakan, to shi sai ya zo ya ce a rubuta kawai. Amma ofishin jakadancin Amurka in suka yi shakka gwajin DNA suke nema, a gabansu ake ɗaukar samfurin, kuma wanda aka kama ya yi ƙarya a neman biza haramcin na har abada ne, ba shekara biyar ba ba goma ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne dama, a nan kuwa ba kai kaɗai kake faɗawa ba har da tsohuwar da gaskiya ce ta bata dama tun farko.

Akwai kuma fom ɗin ɗaukar nauyi, I-864, wanda mutane suke sa hannu kamar takardar gaisuwa. Yarjejeniya ce da gwamnatin Amurka, sai kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucinsu gwargwadon yawan mutanen gidanka, in bai kai ba sai ka nemo wani ya tsaya tare da kai, kuma nauyin yana kanka har wanda ka kawo ya zama ɗan ƙasa ko ya yi aikin kimanin shekara goma, ko aure ya mutu nauyin bai sauka ba. Bayan an amince da fayil sai ya wuce cibiyar biza ta NVC, a cike wani fom ɗin, a tara takardun 'yan sanda na ƙasashen da mutum ya zauna, a yi gwajin lafiya wajen likitan da suka zaɓa, masu zama a nan Saudiyya a Riyad ake musu intabiyu. Ofishinsu na Khartum kuwa tun Afrilun 2023 a rufe yake. Sannan ga siyasa, a watan Yunin 2025 gwamnatin Trump ta saka Sudan cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, Najeriya ma ta taɓa shiga irin wannan jerin na bizar zama a farkon 2020 sai a Janairun 2021 aka cire, kuma irin wannan dokar fasfo take bi ba inda kake zaune ba, ko a Makka aka haife ka in fasfonka na can ne ta shafe ka. Shi yasa tambayar farko da zaka yi wa lauya kafin a cike komai ita ce, mai wannan fasfon yau ɗin nan ana bashi irin wannan bizar ko kuwa?

Amma kun san abin da ya fi cinye lokacin lauyar nan? Sunaye. Mu Hausawa takardunmu basa magana da murya ɗaya. A fasfo A'ishatu, a igama A'isha da sunan uba da na kaka irin na Larabawa, a takardar haihuwar ɗan kuma sunan da ake kiranta da shi a gida aka rubuta aka liƙa sunan miji a baya. Uba a nan Muhammad a can Mamman, a wata Abubakar a wata Garba, wani ma sunan garinsu ne sunan ƙarshensa. Ranar haihuwa kuwa ba a magana, 'yan Sudan da yawa 1 ga Janairu ce don likita ne ya ƙiyasta shekarun aka basu shahadar tasnin, a igama kuma an juya ta zuwa hijiriyya, in aka sake juyo ta sai ta goce da kwana ɗaya ko biyu. Mu a wajenmu duk mutum ɗaya ne, ma'aikacin da yake duba fayil a wani gari can kuwa mutum uku yake gani. Wannan gyaran ba ya buƙatar jiran kowa, kuma ya shafi mai neman istigdam kamar yadda ya shafi mai neman Amurka. 'Yan Najeriya ga ƙaramin ofishin jakadanci nan a Jidda babban yana Riyad, a daidaita sunan NIN da na fasfo, wanda bashi da takardar haihuwa a nema masa ta hukumar ƙidaya a gida, auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alewa a je kotu a yi masa takarda tun waliyyai da shaidu suna raye, jaririn da aka haifa a nan a karɓi takardar asibiti a fitar masa da shahadar haihuwa a ahwal, ofishin rajistar jama'a, a yi masa fasfo a saka shi a igama kar a ce sai ya yi wayo.

Gane lauyan gaske ba wuya. Na nan ka nemi cikakken sunansa ka duba a Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, akwai jerin masu lasisi a ciki, in kuma wakilci zaka bashi ta nan ake yin wakala a rubuta iyakar abin da aka wakilta shi. Na Amurka ka tambaye shi a wace jiha yake da lasisi, kowace jiha ana iya duba sunan lauyoyinta a intanet, kuma dokarsu lauya ne ko wakilin da ma'aikatar shari'arsu ta amince da shi kawai zai baka shawara a kan shige da fice, akwai ƙungiyoyin agaji masu irin waɗannan wakilan da suke yi a kuɗi kaɗan ko kyauta. In ya karɓi aikin zai saka fom ɗin G-28 da sunansa a fayil, wanda ya ce zai cike maka amma kar sunansa ya fito ka san akwai lauje cikin naɗi. A rubuta yarjejeniya, a raba kuɗin gwamnati daban nasa daban, a baka rasit, a baka kwafin duk abin da aka shigar da sunanka, kar ka sa hannu a farar takarda ko fom ɗin da ba a karanta maka ba. USCIS tana bada lambar rasit mai harafi uku da lamba goma wadda kai da kanka zaka dinga duba inda fayil ya kwana, in wata biyu uku sun wuce ana ta maka hanya hanya ba lamba to ba a shigar da komai ba. Sannan don Allah, don Allah, lambar sirrin Absher da lambar da take shigowa waya da ta Nafaz, manhajar tabbatar da kai ne, ba a ba kowa, wanda ya riƙe su ya riƙe ka gaba ɗaya, zai iya yin abu da sunanka kana barci. Fasfo na asali ma ba a barinsa a hannun mutumin da baka san ƙofar ofishinsa ba.

Wajen ƙarshen kiran nan lauyar ta yi wata tambaya da duk cikinmu ba wanda ya taɓa yi, har ɗan da ya ɗauko maganar. Ta ce a tambayi Mama, zama take so ta yi a Amurka ko zuwa ganin jikoki? Don katin zama na wanda zai zauna ne, in ta karɓa ta dawo Jidda ta haura shekara bata koma ba ba tare da izini na musamman ba ana ɗauka ta yar da shi, ko wata shida ta wuce ma sai an yi mata tambayoyi a filin jirgi. Ni kuma na ƙara musu da na nan, in ta fita da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, ta daɗe har ta ƙare tana waje igamarta ta tafi, kenan garin neman gida biyu ana iya rasa duka. Hajiya ta ajiye carbin ta jawo wayar kusa da fuskarta ta ce wa ɗanta, kai yanzu ni da duk azumi a Harami nake goman ƙarshe, ga kabarin babanku a nan, ga yarinyar nan ba inda zan kaita, in tafi in zauna a ɗaki kuna wajen aiki? Ni dai in ga yaran nan in shafa kansu in dawo. Ya ce Mama ai ban san haka kike so ba, ta ce ai baka tambaya ba.

Lauyar ta ce in haka ne maganar bizar ziyara ce ba ta zama ba, ita ma da nata sharuɗɗan don sai an gamsar da su cewa zata dawo, kuma gara da ba a riga an shigar da fom ɗin zaman ba don da ya ƙara wa wannan ɗin nauyi. Yanzu dai an jingine fom ɗin, ana ta gyaran sunan fasfo tunda ko ta tafi ko bata tafi ba sai an gyara shi, shi kuma ɗan nata ya ce zai kwaso matarsa da yaran su zo umra in an yi hutun makaranta a zauna da yayansa a yanke magana gaba da gaba.